Kwamfutata Tana Kukan Gyare, Mai Gyara Ya Ce In Canza Madabod

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a Funtuwa inda muke buga wa mutane takardu, da hoto-kwafi, da cike fom na intanet. Kwamfutar da muke aiki da ita ta tebur ce, 'yar gwanjo, shekararta biyu a hannuna ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. To yau wajen mako uku ke nan ta tsiro da wata ƙara siririya, tsiiii, kamar kukan gyare. Ni sai shago ya yi tsit nake jin ta, amma yaron da ke taya ni aiki ya ce har kansa take sara masa. Ya ce idan ya motsa linzami ƙarar tana canza murya. Wani lokaci ko mun kashe kwamfutar ba ta dainawa sai an kashe soket na bango. Kuma ta fi tsananta idan aka ɗauke wuta muka koma kan inbata. Na kai wa wani mai gyara ya ce bairos ce, ya goge komai ya zuba sabuwar Windows, ya karɓi naira 5,000, na dawo da ita ƙara tana nan daram. Wani kuma ya ce madabod ce, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗuwa a kansa, ta kusa mutuwa, in sayi wata. Don Allah Malam a ba ni shawara, da wannan na'ura nake ci da iyalina.

Daga wani mai karatu, Funtuwa.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka. Kafin komai, kada ka sayi madabod ɗin nan tukuna. Ajiye kuɗinka a aljihu har sai kunnenka ya nuna maka daga inda ƙarar take fitowa, domin daga wanda ya ce bairos har wanda ya ce madabod, ban ga alamar akwai wanda ya tsaya ya saurara ba. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne gogewar da aka yi. Ƙara abu ne da ke motsi yake haifar da ita, wani ƙarfe ko wata waya tana karkarwa. Iyakar abin da muguwar manhaja za ta iya shi ne ta ɗora wa kwamfuta aiki har fankoki su riƙa gudu, amma ƙarar da ke ci gaba bayan an kashe na'ura, babu wata manhaja da ke da hannu a ciki. Ina fata dai ba ka yi asarar takardun mutane a wannan gogewa ba.

Yaronka kuma gaskiya ya faɗa, kada ka ɗauka raki ne. Kunnen ɗan Adam yana kama sauti daga karkarwa 20 zuwa wajen 20,000 a daƙiƙa guda, amma saman nan yana zaizayewa da shekaru, tun mutum bai san ya fara ba. Waɗanda suka taso da tsohuwar talabijin mai ƙeya za su tuna yadda yaro yake shigowa gida tun daga zaure ya ce an kunna talabijin, alhali an rage murya gaba ɗaya. Wata siririyar shewa ce take fitarwa mai karkarwa 15,625 a daƙiƙa, yara suna ji, manya da yawa ba sa ji. Saboda haka a binciken da zan faɗa maka, shi ne zai zama kunnenka. Ka tsayar da shi kusa da kai, ku yi aikin da sassafe kafin babura su fara kai-komo, ko bayan isha.

Tun ba ku taɓa ko da kusa ɗaya ba, ka kwafe duk abin da ke cikin kwamfutar zuwa filash ko wani faifan ajiya na waje. Ina nanata wannan ne saboda wata baiwar Allah da ta taɓa kawo min tata. Ɗaliba ce, ta kusa kammala rubutun kundinta, ta ce wata biyu ke nan na'urar tana wata 'yar ƙara amma tunda tana aiki sai ta ƙyale ta. Ranar da ta zo, ina kunnawa na ji faifan ajiyar da ke cikinta ya taso, ya yi shewa, sai ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya tsaya. Na cire shi na gwada a wata kwamfutar, haka dai. Ta zauna a kan bencin shagona ta rufe fuska da mayafi, ba ta ce komai ba. Babi uku muka iya tsintowa daga abin da ta taɓa tura wa malaminta ta imel, sauran sai da ta sake rubutawa. Ban ce matsalarka ke nan ba, alamomin da ka bayar ma ba su nuna can ba, amma kwafewa ba wani aiki mai wuya ba ne.

To sai neman inda gyaren ya ɓuya. Siririyar ƙara tana da yaudara, kunne ba ya saurin gane ɓangaren da ta fito, sai ka rantse daga dama take alhali tana hagu. Don haka ka fara da abubuwan da ke kewaye da akwatin. Kwamfuta tana kunne, ƙara tana tashi, ka zare wayar sifika gaba ɗaya. In ta ɗauke, shi ke nan, hayaniyar lantarki ce take shiga layin sauti, kuma irin wannan ma takan canza murya idan an motsa linzami. Sau da yawa mayar da sifika ramin baya maimakon na gaba yana rage ta. In ba ta ɗauke ba, ka kashe monita, ka zare wayar wutarta. Tsofaffin monitoci masu faɗi, waɗanda ke haskawa da 'yan siraran ƙwayaye irin na dogon kwan fitila, suna da ɗan allon da ke ɗaga musu wuta, kuma idan ya tsufa yakan yi shewa, musamman in an rage haske. Ka ƙure hasken ka ji ko muryar ta canza. Na taɓa canza wa wani dattijo fawa-fak sukutum, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, a farkon shigata wannan aiki, ya koma gida ƙara tana nan, ashe monitar da ya bari a gida ce. Na mayar masa da kuɗinsa, kuma tun ranar ba na karɓar irin wannan gyara sai an kawo min akwati da monita da wayoyinsu tare. Daga nan ka bi cajar waya da ke soket, da firinta, da UPS, da sitabilaiza in kana da ita, ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan cajoji marasa inganci gwanaye ne wajen wannan kuka.

Idan duk ka bi ƙara ta ce tana cikin akwati, ka kashe, ka zare wuta, ka kwance murfin gefe, ka mayar da wuta ka kunna. Ka sami tsohuwar jarida ka naɗe ta kamar bututu, yaron ya ɗora baki ɗaya a kunnensa, ya riƙa kai ɗaya bakin kusa da kowane sashe a hankali. Wutar lantarki ba ta bi ta jikin takarda, shi ya sa na ce jarida, kada a yi da sukudireba ko wani ƙarfe. Za ka ga ya zo wani wuri ya yamutsa fuska. Nan ne.

Fanka ita ce ta fi sauƙin ganewa. Yawanci akwai ta kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ta bayan akwati, da ta cikin fawa-fak, wani lokaci da ƙarama a kan katin hoto, wato allon da ke tura hoto zuwa monita. Ka ɗora yatsa a tsakiyar fankar, wurin da ke da 'yar takarda a manne, ba a kan fukafukai ba, ka tsayar da ita na daƙiƙa biyu ko uku ka saki. In ƙara ta tsaya tare da ita, boris ɗinta ne ya bushe. Ƙurar hunturu ce babbar mai kashe su a wajenmu. Na sha buɗe kwamfuta a watan Janairu in tarar da ƙura ta dunƙule tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya furosesa ta zama kamar guntun bargo, ana ɗaga ta da yatsa biyu ta taso a haɗe. Ka fitar da akwatin waje ka busa shi da bulowa, amma ka riƙe kowace fanka kada iska ta juya ta fiye da kima. Ɗigon man keken ɗinki a ƙarƙashin takardar da ke manne a bayan fankar yakan sayo mata 'yan watanni, sai dai sabuwar fanka ba ta da tsada, gara canzawa. Ta cikin fawa-fak kam ba a zura mata yatsa ko wani abu, ko kaɗan.

Faifan ajiya irin na da, had-dis, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti. Mai 7,200 yana zagaye 120 ke nan a kowace daƙiƙa, shi ya sa lafiyayye ma yana da ɗan gurnani mai kauri, wanda kan ƙaru idan kusoshin da suka riƙe shi sun yi sako-sako. Amma in ya koma shewa mai kaifi wadda ba ta hawa ba ta sauka, ko yana haɗawa da ƙwas-ƙwas, to ya fara ban kwana. Gwajinsa shi ne ka kashe kwamfuta, ka zare wayoyinsa biyu, ka kunna. Ba za ta shiga Windows ba, amma ai ba shiga muke nema ba, saurare muke yi. Akwai manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanto rahoton lafiyar da faifan yake ajiyewa da kansa. In ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, ka nemi wani faifan tun da wuri, kuma in hali ya yi ka sayi SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa a cikinsa.

Yanzu bari in zo kan abin da zuciyata ta fi karkata a kai. Alamomi uku ka ba ni, kuma dukkansu wuri ɗaya suke nunawa: ƙara tana canzawa da motsin linzami, tana ci gaba bayan an kashe na'ura, tana tsananta a kan inbata. Fanka ba ruwanta da linzami, kuma da ita da had-dis duk suna tsayawa cak idan aka kashe kwamfuta. Abin da ya rage shi ne kwayil.

Ka san kwayil na janareto, wayar tagulla da aka nannaɗe. To a cikin kwamfuta akwai 'yan ƙanana irinsa da yawa, wasu a fili kamar zobe da aka naɗe da waya, wasu a rufe cikin 'yan ƙananan akwatuna masu launin toka a jere kusa da furosesa. Aikinsu daidaita wuta. Bango yana ba ka wajen bolt 230, fawa-fak ta sauke shi zuwa 12 da 5 da 3.3, sannan madabod ta sake sauke 12 ɗin zuwa wajen bolt 1 da furosesa ke sha. Ana yin wannan saukewa ne ta hanyar datse wutar da sakinta sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, kuma duk sanda wuta ta ratsa kwayil sai ya zama maganaɗisu, wayoyinsa su ɗan motsa. A masana'anta ana shafa musu wani abu mai danƙo ya riƙe su. Shekaru da zafi su sa danƙon ya saki, sai wayar ta sami wurin rawa. In rawar ta faɗo cikin abin da kunne ke kamawa, ga gyarenka nan. Dalilin da linzami ke canza muryar kuwa, furosesa barci take yi tana farkawa ɗaruruwan lokuta a daƙiƙa don tsimin wuta. Kana motsa linzami ka tashe ta, jan wutarta ya canza, kwayil ya canza waƙa.

Batun ci gaba da kuka bayan an kashe shi ne ya sa nake zargin fawa-fak fiye da madabod. Kwamfutar tebur ba ta mutuwa gaba ɗaya muddin wayarta na jikin soket. Akwai wani ɗan sashe a cikin fawa-fak da ke ci gaba da fitar da bolt 5 yana jiran ka danna maɓalli, shi ne a yawancin fawa-fak ke bin waya mai launin shunayya a cikin babban damin wayoyin da ke shiga madabod. Wannan ɗan sashe dare da rana yake aiki, shi ya sa yakan riga sauran gajiya. Idan kafasitocinsa, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, suka fara bushewa, sai ɗan taransifomarsa ya kama shewa, kuma ya fi yin ta lokacin da ba a jan wuta sosai, wato daidai sanda ka kashe na'ura. Ka sa yaron ya kai bututun jaridar bayan akwati, wurin da wayar wuta ke shiga, kwamfuta a kashe, soket a kunne. Ina kyautata zaton a nan zai yamutsa fuska.

Sai inbata. Wutar da ke zuwa ta layi tana hawa tana sauka ne a lanƙwashe, sumul, sau 50 a daƙiƙa. Inbata mai araha kuwa ba ta iya wannan lanƙwasa, tsalle take yi mataki-mataki kamar matakalar bene. Ka lura da fankar sama ta shagonka, in tana gurnani a kan inbata amma tana shiru a kan wutar Nepa, to irin wannan inbatar gare ka. Abin da ke sa fanka gurnani shi ke sa kwayil ɗin fawa-fak kuka, kuma wannan ba ƙara kawai ba ce, yana gajiyar da kayan ciki, musamman fawa-fak na zamani da aka ƙera don lanƙwasasshiyar wuta. Ka duba jikin inbatar ko kwalinta. In an rubuta modified sine wave, ita ce mai matakala. Wadda kwamfuta ke so ita ce aka rubuta wa pure sine wave. Na san tsadarta ba ɗaya ba, ban kuma ce ka canza gobe ba, amma duk ranar da za ka sake sayen inbata ka tuna da wannan, domin in ka sa sabuwar fawa-fak a kan tsohuwar wutar, ita ma hanyar da 'yar'uwarta ta bi za ta bi. Yawancin ƙananan UPS ma idan suka koma kan batir irin wannan wuta mai matakala suke bayarwa.

Tambayar da na san tana ranka ita ce ko akwai haɗari. Kukan kwayil shi kaɗai ba ya kashe kwamfuta. Akwai sababbin katunan hoto masu tsadar gaske da ke yin sa tun ranar da aka fito da su daga kwali, su shekara da shekaru suna aiki lafiya. Abin da ya sa ban ce ka ƙyale naka ba shi ne sabo ne. Na'urar da ta yi shekara biyu shiru sannan ta fara kuka, wani abu ya canza a cikinta. Ka haska tocila a kan madabod ka dubi kafasitoci, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye. Kan lafiyayye a shafe yake. In ka ga wanda kansa ya kumbura, ko ya tsage yana fitar da wani abu ruwan ƙasa kamar tsatsa, ya lalace, kuma mai gyaran da ya iya riƙe ƙarfen soda zai canza shi ba sai an jefar da madabod ba. In kuma ka fara jin ƙaurin roba, ko ƙarar ta koma tsartsatsi kamar ana suya, ko kwamfutar tana mutuwa da kanta tana tashi, ko sai ka danna maɓalli sau uku kafin ta kama, to ka zare ta daga wuta a ranar. Fawa-fak idan za ta mutu wani lokaci ba ta tafiya ita kaɗai, takan ja madabod da faifan ajiya.

Ina roƙonka kada ka buɗe fawa-fak da kanka, kada kuma ka bar yaron ya buɗe. Babban kafasitan da ke ciki yana riƙe sama da bolt 300, kuma yakan ci gaba da riƙewa bayan an zare waya. Na ga masu ɗiga gam ko narkakken kyandir a kan kwayil don su toshe masa baki. Ba na yin haka a cikin fawa-fak, wurin yana zafi, kuma rufe bakin mara lafiya ba magani ba ne.

Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce aro. Ka ɗauki akwatin ka kai wa mai gyara, ka ce ya jona maka wata lafiyayyar fawa-fak a gabanka ba tare da ya ɗaura ta ba, yaronka yana tsaye yana saurare. In ƙara ta ɗauke, ka saya, ka huta. Ka lura da abu biyu wajen saye. Kwamfutocin ofis na gwanjo irin su HP da Dell, musamman sirara, da yawansu fawa-fak ɗinsu da bakin wayarta nasu ne na kansu, ba kowace ke shiga ba, don haka ka je da tsohuwar a gwada lamba da lamba. Sannan wasu tsofaffi suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Kayan da aka yi amfani da su a Amurka a kan 115 suke zuwa, in aka jona su haka a wutarmu nan take suke fashewa. Ka tabbata 230 ake gani kafin a sa a soket. Kuma ka ɗaga ta a hannu, wadda ba ta da nauyi kamar gwangwanin da babu komai, ajiye musu kayansu.

In kuwa an canza fawa-fak ƙara tana nan, bututun jarida kuma ya nuna 'yan akwatunan da ke gefen furosesa, kafasitoci lafiya, na'ura ba ta mutuwa, to wannan shi ne kukan da ba ya cutarwa, kuma bai kai a sayi madabod saboda shi ba. Ana iya rage shi. Ka shiga BIOS, wato shafin saiti da ake buɗewa kafin Windows ta taso, yayin kunnawa ta hanyar danna F10 a HP, F2 a Dell, Delete a yawancin sauran, ka nemi wurin da aka rubuta C-States ko C1E ka kashe. Wannan zai hana furosesa yawan barci da farkawa, sau da yawa kukan yakan ragu ko ya ɗauke. Farashinsa shi ne za ta ɗan ƙara shan wuta da ɗumi, abin da mai aiki da batir ya kamata ya sani. In ba ka saba da BIOS ba, ka ɗauki hoton shafin da waya kafin ka taɓa komai, don ka iya mayarwa. Sannan ka sauke akwatin daga kan tebur, inda yake daidai kunnen yaron, ka ɗora shi a kan ɗan katako a ƙasa ta yadda ba zai sha ƙurar daɓe ba, bayansa kuma da tazara daga bango don iska. Siririyar ƙara ba ta da ƙarfin ratsa abu, katakon tebur kaɗai yana cinye kaso mai yawa nata.

Kafin ka kai ga mai gyara, ka riƙa kashe soket na bango duk dare idan za ku rufe shago. Ka rubuto min abin da yaron ya ji a bayan akwatin, da abin da aka rubuta a jikin inbatar taka. Allah ya sa a dace.